Wanda Ya Sace Waƙar Bunsuru

Kafin Rabo ya iso ƙofar gidan Mainassara, unguwa ta riga ta yanke hukunci. An fasa kwaɗon ɗakin baƙi, an ɗauke abin da aka ɗauke, kuma wani makiyayi mai suna Cindo, wanda ya kwana a gindin aduwa kusa da rijiya bayan tashin kasuwa, shi ne ɓarawon. Har an ja shi zuwa zauren mai unguwa, an fasa masa leɓe a hanya.

Rabo bai yi sauri ba, domin gwiwoyinsa sun daina yarda da sauri. A ƙuruciyarsa babu mai bin sawu kamarsa a Dakoro. Yakan bi raƙumin sata har ya wuce Korahane bai ɗaga kai ba. Yanzu ɓarayi a mota suke loda dabba, shi kuwa idonsa ya fara hazo. Ya sha faɗa wa mutane cewa ya ajiye aikin, amma ba wanda ya ji.

Zakiru, ɗan Mainassara na fari, mai fataucin hatsi a Maradi, ya tarbe shi da hannu biyu.

"Baba Rabo, ka yi haƙuri da tada ka da na yi."

"Saniya ce ko raƙumi?"

"Kaset ne, Baba."

Rabo ya dube shi, ya dubi taron da ya cika ƙofar gida. Ya ji kamar ya juya ya koma kan tabarmarsa.

"Kaset ɗin Bunsuru," in ji Zakiru.

Sai Rabo ya tsaya.

Ba wanda ya tashi a garin nan bai yi tsalle da wannan waƙa ba. Mainassara ne ya ƙirƙire ta tun yana saurayi, yana dillancin awaki a kasuwa, don ya ba yaran da ke kewaye shi dariya:

Bunsuru ya shiga lakwal,
ya cinye wandon mushe,
aka ce masa ƙirga ɗaya,
sai ya ce: mbeee!

Lakwal dai makarantar boko ce, mushe kuma malaminta. Duk daɗin waƙar a kukan nan yake. Mainassara kan yi shi har awakin kasuwa su amsa. Wata shekara wani ma'aikacin rediyo ya zo daga Maradi da na'ura a kafaɗa, ya ɗauki muryarsa a nan ƙofar gida, waƙa ta bazu har inda mai ita bai taɓa takawa ba. Faifan asali ya ɓace tuntuni. Abin da ya rage a duniya shi ne kaset ɗaya da mutumin ya aiko masa. Mainassara kuwa tun bara yake kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke.

"Wasu masu tara tsofaffin waƙoƙi a Maradi suka nema," in ji Zakiru. "Suna so a san mai ita na gaskiya tun yana da rai. Jiya na karɓo shi daga cikin gida na sa a jakata, yau zan tahi da shi. Da asuba na dawo daga masallaci na iske ƙofa a buɗe."

"Mi aka ɗauka kuma?"

"Ba komi. Ga sabuwar shaddata nan a rataye, ga salulata."

An yi yayyafi jiya da yamma, rairayi ya kwanta luf, irin wanda mai bin sawu ke roƙon Allah ya ba shi. Sai dai jama'a sun tattake bakin ƙofa kaf. A jikin katanga ne kawai Rabo ya samu abin dubawa: sawun takalmi sau-ciki, babba, na namiji, ya bi gefen gida ya nufi rijiya. Ko'ina kuma ga kofaton awaki, kamar kowane lungu na Dakoro. A bakin rijiya mata masu ɗiban ruwa sun shafe sauran.

*

Cindo na zaune a ƙasa a zauren mai unguwa, an ɗaure hannuwansa da rawaninsa. Dattijo ne, siriri, jini ya bushe a gemunsa.

"Sannu, bawan Allah," in ji Rabo. "Miƙo ƙafarka in gani."

Takalmin roba ne irin na makiyaya, kuma ƙafar ba ta kai sawun da ke jikin katanga ba.

"Ai sauya takalmi ba wuya," wani ya faɗa daga bakin ƙofa. Sauran suka amsa.

"Ka ga wani ya zo wajen rijiya?" Rabo ya tambayi Cindo.

"Barci nake," in ji Cindo da ƙyar, saboda leɓen. "Wajen asuba na ji kukan akuya, shi ke nan. Ni mi zan yi da kaset? Ko rediyo ba ni da ita."

Mai unguwa ya ja Rabo gefe. Ya ce mutane sun hasala, ba zai iya riƙe su ba, gara ya kira jandarma su tafi da shi.

"Ka ba ni lokaci zuwa la'asar," in ji Rabo.

"In ba ka samu komi ba fa?"

Rabo ya ɗauki sandarsa ya fita. Ya san yadda ake shiga da baƙon da ba shi da kowa a gari, ya san kuma yadda fitowa ke wuya.

*

Mutum ɗaya ne a unguwar har yanzu ke sa sau-ciki kullum: Mushe Ɗayyabu, tsohon malamin lakwal. Shi ne kuma ya yi ɗauka ta biyu ta waƙar, da 'yan ajinsa, shekaru bayan ta farko. Tasa ce aka yi ta sawa a bukukuwan makarantu, har yaran baya suka tashi suna cewa waƙar Mushe ce. Idan na Maradi suka fito da ta asali, wannan suna ya ƙare. Rabo ya tafi yana ganin ya gama aiki.

Ya iske shi yana ba shuke-shukensa ruwa. Da Mushe ya gane abin da ya kawo baƙon, sai ya ajiye butar a hankali.

"Rabo, ni? Da furfurata?"

"Ni ma da tawa na zo, Mushe. Ɗan taka mini daga nan zuwa randa."

Mushe ya taka, fuska a murtuke. Takalmin dai girmansu ɗaya. Amma Mushe mutum ne mai nauyi, dugadugansa na nutsewa, yatsunsa na kallon waje. Sawun jikin katanga kuwa bayansa ko kaɗan bai danne ƙasa ba, kuma takun gajere ne, ana jan takalmin. Rabo ya ji kunya ta rufe shi.

"Ka gafarce ni."

Mushe ya saki ajiyar zuciya ya nuna masa benci.

"Ban taɓa cewa tawa ce ba. Ban dai hana a faɗa ba. Baiti biyu na sauya, domin ba yadda za a yi in tsaya gaban manya, yarana na rera cewa bunsuru ya cinye wandon mushe. Sai na ce ya gaida mushe. Kukan kuma yara talatin na sa su yi shi tare, ba su kai shi shi kaɗai ba." Ya girgiza kai. "Wallahi ni kaina ina so in sake jin ta asalin. In sata kake nema, je wajen yaron da ya mayar da ita kiɗan rawa."

*

Yaron da Mushe ke nufi magidanci ne mai 'ya'ya biyu, sunansa Sadiƙu, yana da shagon zuba waƙoƙi a salula a bakin tasha. Tasa ɗaukar ita ce ta uku, da kiɗan na'ura da muryar da aka matse ta zama kamar ta sauro. Ita ke tashi a shagon lokacin da Rabo ya shiga. Kukan bunsurun ma na'ura ce ke yi.

"Kashe abin nan, kaina na ciwo."

Sadiƙu ya kashe, ya ba shi kujera.

"Baba, ni a Kornaka na kwana, kiɗan biki na kai. Motar safe ta sauke ni, ka tambayi direba, ga shi can yana shan shayi."

Rabo ya aika aka tambaya, direba ya tabbatar.

"Amma ka taɓa neman kaset ɗin?"

"Na nema. Na je har gida na durƙusa gaban Inna Lami, matar tsoho. Na ce mata kwafa kawai zan yi, kafin ruwa ya tafasa na gama. Ta ce abin nan ba ya fita daga ɗaki, ko zaure ba ya zuwa. Na ce to in kawo na'urata ciki, ta ce ba ta yarda da na'urar da ba ta sani ba, kada ta cinye zaren."

"Don mi take riƙonsa haka?"

"Wa ya sani, Baba? Tsofaffi da kayansu."

*

Rana ta take lokacin da Rabo ya koma jikin katangar Mainassara. Ba shi da ɓarawo, ba shi da kaset, ga la'asar na matsowa. Gwiwarsa ta dama ta ƙi ɗaukarsa, sai ya zame ya zauna a 'yar inuwar katanga, ya miƙe ƙafa, yana tunanin yadda zai je ya ce wa mai unguwa ya kasa.

Daga zaune ƙasa ta fi kusa da ido. Yana kallonta ne kawai don ba shi da abin kallo, sai ya lura da kofato ɗaya a cikin na awakin, mai tsawo, wanda ya ɗan karkace ciki, irin na tsohuwar akuyar da ta daɗe a turke. Sauran awaki sun ratsa sun wuce abinsu. Wannan kuwa tana gefen takalmin, kafaɗa da kafaɗa. Inda takalmi ya tsaya, ta tsaya. Inda ya ci gaba, ta ci gaba.

Ya ja jiki da gwiwa da hannu, bai damu da masu kallo ba. A kusurwar ɗakin baƙi, inda taro bai taka ba, akuyar ta yi tsayuwar jira har ta zubar da kashi. Ya bi ta zuwa rijiya, ya kewaya, ya same ta a ɗaya gefen tana dawowa ta bayan gida. Yanzu babu takalmi a gefenta. Ƙafa ce tsirara, ƙarama, mai faso a dugadugi. Su biyun suka shige ta ƙofar baya da ake fitar da shara.

Rabo ya daɗe a wurin. Da ma makiyayin ya faɗa masa tun safe, shi ne bai ji ba. Ya so a ce bai zauna a inuwar nan ba.

Ya yi sallama ya shiga cikin gida. Lami na bakin murhu tana dama koko, wata jar akuya mai dogon kofato na shinshinar zanenta. A ƙarƙashin rumfa Mainassara na kwance a kan gado, ya rame, hannunsa mai lafiya dafe da aljihun ƙirjinsa. A ƙarƙashin gadon ga takalmansa sau-ciki, an jera su, da ɗanyen rairayi a bakinsu.

"Yaya Lami, ina wuni? Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Rabo. Sannu da wahala."

"Akwai bawan Allah a ɗaure a zauren mai unguwa. An fasa masa baki. Da la'asar jandarma za su zo."

Ludayin ya tsaya a hannunta. Ba ta ɗago ba.

"Zan tara su a nan bayan salla," in ji shi, ya fita.

*

Suka taru a tsakar gida: mai unguwa, Zakiru, Mushe Ɗayyabu, Sadiƙu, da Cindo wanda Rabo ya sa aka kwance. Waɗanda suka kama shi da safe suka cika bakin zaure. Lami na zaune a kan kujerar mata kusa da gadon mijinta, ta ja mayafi har goshi.

Rabo bai tashi tsaye ba, daga zaune ya yi magana.

"Takalmin da ya fasa ƙofa na namiji ne, amma ƙafar da ke ciki ba ta cika shi ba. Ba ƙafar Mushe ba ce, na gwada, na kuma ba shi haƙuri. Sadiƙu ba ya gari. Wannan bawan Allah kuwa laifinsa ɗaya, ya kwana inda sawu ya ɓace." Ya numfasa. "Wanda ya ɗauki kaset ba shi kaɗai ya tahi ba. Akuya ta raka shi, ta jira shi a bakin ƙofa, ta rako shi ya dawo. Ku duka kun yi kiwo. Akuya ba ta bin baƙo. Wanda ke ba ta dusa take bi."

Jar akuyar na kwance a gefen ƙafar Lami tana tuƙa. Ɗaya bayan ɗaya idanu suka sauka a kanta, suka kuma kauce.

"Ya isa, Rabo," in ji Lami. "Ni ce."

Ta sunkuya ta ɗaga hannun mijinta a hankali, ta zaro kaset daga aljihunsa, tsoho, takardar jikinsa ta koɗe.

"Inna!" in ji Zakiru. "Inna, don mi? Da kin ce in bari ai sai in bari."

Ba ta dube shi ba, kamar yadda ba ta taɓa kiran sunansa ba. Da mai unguwa ta yi magana.

"Na ce wa yaron nan a bar shi. Ya ce 'yan kwanaki ne a dawo da shi. Ina zan iya jayayya da shi? Shi yana Maradi, bai san yadda muke kwana ba. Malam ba ya buɗe baki ga abinci sai na sa masa waƙar nan. In ya ji muryarsa sai ya karɓi koko. In bai ji ba ya datse haƙora. Jiya da aka ɗauke, ko ruwa bai sha ba, sai kallon ƙofa yake." Ta goge ido da bakin mayafi. "Na sa takalminsa don a ce wani ne daga waje, a neme shi a gaji a bari. Ban san za a kama kowa ba. Da na ji ihu na san abin da na jawo. Na tashi in fita, ƙafata ta ƙi. Tun safe nake tashi ina zama."

Zakiru ya durƙushe inda yake, ya rufe fuska da hula.

Sadiƙu ya matso, ya yi magana da murya ƙasa-ƙasa.

"Inna, ba sai ya shiga na'urata ba. Ki sa shi a rediyonku da hannunki, ni in aza salula a gefe. Na Maradi su samu nasu, naki na nan."

Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da rediyo mai kaset, wadda aka ɗaure murfinta da tsumma. Ta sa, ta danna. Aka ji shuuu, aka ji carar zakara na wata shekara, sai muryar saurayi ta fito tas, cike da shaƙiyanci. Da ya kai wajen wandon, Mushe Ɗayyabu ya yi dariya har da hawaye. Da kukan ya zo, jar akuyar ta miƙe zumbur ta amsa. A kan gado leɓen Mainassara na motsi, ba sauti, yana bin baiti bayan baiti. Lami ta ɗauko kwanon koko ta kai ludayi bakinsa, ya buɗe.

Da waƙa ta ƙare, ta ajiye kwanon ta je gaban Cindo ta durƙusa.

"Malam, ka yafe mini don Allah."

Cindo ya dube ta, ya dubi tsohon da ke kwance.

"Tashi, baiwar Allah. Ba ke kika buge ni ba."

Ya juya ya dubi bakin zaure. Masu tsayuwa a wurin suka shiga kallon ƙasa, na baya-baya suka fara zamewa. Zakiru ya ce zai kai shi likita, ya kawo sabuwar shaddarsa ya miƙa masa. Cindo bai karɓa ba. Ya naɗa rawaninsa a hankali, ya rufe bakin da ya kumbura.

"Ni ba riga ta dame ni ba," in ji shi. "Tumakina da ban sayar ba jiya suna gindin aduwa lokacin da aka ja ni. Na roƙa a bar ni in ɗaure su, aka ce in rufe baki. Ɗazu da aka biyo da ni ta wurin, ba ko ɗaya. Ba nawa ba ne ni kaɗai, har da na marayun ƙanena."

Ba wanda ya tuna da tumaki tun safe, har Rabo. Ya ɗaga kai ya dubi rana, ta yi ƙasa, ga hadari na haɗuwa a gabas. Idan ruwa ya sauka, babu sawun da zai rage. Ya lalubi sandarsa, ya dafa kafaɗar Sadiƙu ya miƙe, gwiwa ta yi ƙara.

"Zakiru, cika mana gora da ruwa. Ku kuma na bakin zaure, kada wanda ya tahi gida, ƙafafunku nake so." Ya juya ga makiyayin. "Akwai mai ɗingishi a cikinsu?"

"Akwai tunkiya ɗaya, ƙafar baya."

"To, mu je ka nuna mini inda suka kwana."